Bayan cinyata ya ƙi girma, kuma ina jin nauyin saɓa wa wanda ya koya mini ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 26, na kai shekara uku ina ɗaga ƙarfe, kuma ina shirin shiga gasar nuna ƙirar jiki karo na farko nan da wata bakwai. Ƙirjina da kafaɗuna da gaban cinyoyina sun cika daidai gwargwado, amma idan na tsaya a gefe na dubi madubi, bayan cinyata a shafe yake. Wanda ya sa ni a wannan hanya ya girme ni, tare muke atisaye tun ranar da na fara, kuma bai taɓa karɓar komai a hannuna ba. Shi a wurinsa tsuguno da ƙarfe a kafaɗa da injin tura ƙafa sun ishi cinya gaba da baya. Da na dame shi da ƙorafi sai ya sa ni dedlif, wato a sunkuya a ɗago sandar ƙarfe daga ƙasa, da miƙaƙƙun ƙafafu, ya loda mini kilo 140. A zubi na biyu, wato zagaye na biyu na ɗagawa, na ji wani abu ya ja ni a ƙarƙashin mazaunina na dama. Yau mako uku ke nan. Ina tafiya lafiya, babu kumburi, amma idan na daɗe a zaune ko na sunkuya sai wurin ya ɗauki zafi. Ya ce in riƙa miƙar da wurin in ci gaba da atisaye. Ina son in canza tsari, amma ina tsoron ya ce na yi masa butulci. Wani lokaci kuma sai in ce ko haka halittata take. Don Allah a ba ni shawara.

Wani mai karatu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwana, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka haɗa damuwa uku a wasiƙa ɗaya, kuma wadda ta fi gaggawa ita ce ciwon nan. Da shi zan fara.

Wurin da ka kwatanta, inda mazaunai suka haɗu da cinya, a nan ne tsokokin bayan cinya suke manne da ƙashin da mutum yake zama a kansa. Zafi a daidai wurin, wanda yake tashi idan an daɗe a zaune ko an sunkuya, yawanci alama ce ta cewa jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi ta sha wahala ko ta ɗan tsage. Mako uku ya isa ka je likitan fisiyo, wato mai kula da raunin tsoka da gaɓoɓi, ya duba ka da hannunsa, domin wasiƙa ba ta iya rarrabe ƙaramin rauni da babba. Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: idan ka ji ƙara kamar wani abu ya tsinke a lokacin da abin ya faru, ko jini ya taru ƙarƙashin fata ya yi duhu a bayan cinya, ko ƙafar ta rasa ƙarfi, ko kana jin tsiyayar zafi da mutuwar jiki suna gangarowa ƙasan gwiwa har tafin ƙafa. Na ƙarshen nan yana nuna jijiyar sayatika, wato babbar jijiyar da take kai ji da motsi zuwa ƙafa, ita ce ta shiga lamarin, ita kuwa ta kusa da wurin take wucewa, kuma maganinta daban ne.

Miƙar da wurin da aka ce ka riƙa yi, ka dakata da shi. Idan ka miƙe gwiwa ka sunkuya don ka taɓo yatsun ƙafa, jijiyar tana naɗewa a kan ƙashin ne tana matsuwa, sai ka ji ɗan sauƙi na minti kaɗan, washegari zafin ya dawo fiye da da. Abin da jijiya mai ciwo take so shi ne nauyi kaɗan kaɗan a yanayin da ba a ja ta ba. Ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka kafa dugaduganka a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau biyar, da hutun minti ɗaya a tsakani. Idan wannan ya daina yi maka wuya, ka matsar da dugadugan nesa da jiki, daga baya ka koma ƙafa ɗaya. Bayan nan sai injin naɗe ƙafa na kwance, wanda ake yi rub da ciki, da nauyi mara yawa, tunda a wannan kwanciyar ƙugu a miƙe yake kuma jijiyar ba ta matsuwa. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne: idan za ka ba zafin maki daga 0 zuwa 10, kada ya wuce 3 a lokacin atisaye, kuma ya lafa ya koma yadda yake cikin awa 24. Idan ya wuce haka, ka rage nauyi a karo na gaba. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu damar ɗaga ƙarfe, domin zafin shi ne yake gaya maka inda za ka tsaya. Atisayen ƙirji da baya da kafaɗa kuwa ka ci gaba da abinka.

Sai batun halitta. Gaskiya ne akwai wanda tsokarsa take saukowa har kusa da gwiwa, akwai wanda tasa take tsayawa sama, kuma wannan ba ya canzawa. Amma ba za a ɗora wa halitta laifin tsokar da ba a taɓa ba ta aikinta ba. Daga abin da ka rubuta, shekara uku ka yi kana horar da gaban cinya da mazaunai, bayan cinya kuwa rakiya kawai take yi.

Ga dalili. Tsokokin bayan cinya uku ne, ɗaya daga cikinsu mai kai biyu. Biyu suna gangarowa ta ciki, mai kai biyun ta waje. Dukkansu daga ƙashin zama suke tasowa su tsallake gwiwa su kama ƙasusuwan ƙwauri, ban da gajeren kan nan ɗaya, wanda yake tasowa daga jikin ƙashin cinya. Saboda haka aikinsu biyu ne: miƙe ƙugu, kamar lokacin da ka sunkuya kana ɗagowa, da lanƙwasa gwiwa, kamar lokacin da kake jawo dugadugi zuwa mazaunai. A tsuguno, ƙugu da gwiwa tare suke lanƙwashewa kuma tare suke miƙewa. Kamar igiya ce da ake ja ta wani gefe ana sassauta ta ta ɗaya gefen, tsayinta ba ya wani canzawa. Tsokar da ba ta miƙe ta tattaru a ƙarƙashin nauyi ba, ba ta da dalilin girma. Wani bincike da aka yi a Japan aka wallafa a 2019 ya sa mutane tsuguno da ƙarfe na mako 10, aka auna tsokokinsu da na'urar hoton cikin jiki. Gaban cinya da mazaunai da tsokokin tsakanin cinyoyi sun ƙaru, bayan cinya kuwa bai nuna wani canji ba. Injin tura ƙafa ma haka yake, tunda motsin iri ɗaya ne.

Don haka abu biyu kake buƙata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya: atisayen sunkuyo daga ƙugu, da atisayen naɗe gwiwa. Gajeren kan nan da bai tsallake ƙugu ba, duk dedlif ɗin duniya ba zai motsa shi yadda ya kamata ba, sai naɗe gwiwa.

Na naɗe gwiwa shi za ka fara komawa, tunda ya fi sauƙin sarrafawa. Idan wurin da kake atisaye yana da inji na zaune da na kwance, na zaune ya fi gina tsoka, domin a zaune ƙugu a lanƙwashe yake, tsokar tana aiki alhali a miƙe take. Wani binciken da aka wallafa a 2021, shi ma daga Japan, ya sa mutum 20 yin na zaune da ƙafa ɗaya, na kwance da ɗaya ƙafar, sau biyu a mako har mako 12. Ƙafar da ta yi na zaune ta ƙaru da kashi 14 cikin ɗari, ta kwance kashi 9. Amma kai a halin da kake, wannan miƙewar da ta sa na zaune ya fi amfani ita ce za ta fama maka ciwo, saboda haka ka zauna a kan na kwance har sai zama da sunkuyo sun daina yi maka zafi, sannan ka sauya.

Daidaita injin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke ɗauka. Gwiwarka ta zo daidai da wurin da hannun injin yake juyawa. Matashin ƙafa ya zauna ɗan sama da dugadugi, kada ya hau kan sha-raɓa. A na zaune, matashin da yake danne cinya ka matse shi sosai, domin idan cinya tana tashi, ƙarfin da ya kamata ya shiga tsoka yana zubewa. Ka jawo nauyin har iya inda gwiwa ta lanƙwashe, ka ɗan tsaya, ka sake shi a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa uku har ƙafa ta miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar nauyin ya fizge ƙafa ya koma da kansa, alhali rabin amfanin yana cikin saukewar. A na kwance kuma, da zarar ka ga ƙugunka yana tashi daga kan katifar injin, nauyin ya fi ƙarfinka, kuma ƙasan bayanka ne zai biya. Ka bar yatsun ƙafa a yadda suke ko ka ɗan jawo su wajen ƙwauri. Idan ka miƙe su sosai, mutane da yawa tsoka tana ɗaure musu. Zubi uku, kowanne sau 10 zuwa 15, da hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ka warke, a nan za ka iya matsawa har ka kusa kasa ƙara ko sau ɗaya, tunda babu ƙarfen da zai faɗo maka.

Na sunkuyo kuwa, dedlif na Romaniya nake ba ka shawara, kuma shi ne ya fi buƙatar nutsuwa. Daga sama ake fara shi: ka ciro sandar daga marataya a daidai tsakiyar cinya, ka ja da baya taku biyu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Ka ɗan sassauta gwiwoyi kaɗan, sannan ka bar su a haka har ƙarshe. Ka cika ciki da numfashi ka ƙanƙame shi. Daga nan tunaninka ya koma kan tura mazaunai baya, ƙirji zai sauko da kansa. Sandar ta riƙa shafar cinyarka tana gangarowa cikin daƙiƙa uku. Inda ƙugu ya daina tafiya baya, nan ne iyakarka, kuma ga yawancin mutane tsakanin ƙasan gwiwa ne da tsakiyar ƙwauri. Sai ka taka ƙasa da ƙarfi ka turo ƙugu gaba ka miƙe, ba tare da ka karkata baya ba.

Abin da yake ɓata shi kusan kullum ɗaya ne cikin huɗu. Wani yana son faifan ƙarfe ya taɓa ƙasa, sai ƙugu ya ƙare tafiyarsa baya ya lanƙwashe ya ƙarasa sauran. Wani sandar take nisa da ƙafarsa, kuma duk ɗan tazarar da ta yi ƙasan baya ne yake ɗaukar ƙarin. Wani yana ƙara lanƙwasa gwiwa yana sauka, har abin ya zama rabin tsuguno, miƙewar tsokar ta ɓace. Wani kuma hannunsa ne yake gajiya kafin cinya, wannan maganinsa madaurin hannu, kuma babu abin kunya a ciki ga mai gina jiki. Abin da ya same ka ina ganin ya haɗa nauyin da jiki bai saba ba da gwiwa a kulle da sauka da sauri. A can ƙasa, inda tsoka ta miƙe iyakarta, nan jijiya ta fi shan ja, kuma kilo 140 a rana ta farko ya yi yawa ga motsin da ba ka taɓa koya ba, ko da kana tsuguno da fiye da haka. Idan likita ya sallame ka, ka fara da kilo 40 zuwa 50, ka tsaya a saman gwiwa, ka riƙa ƙara zurfi kafin ka ƙara nauyi. Zubi uku, sau 6 zuwa 10, hutun minti biyu zuwa uku, kuma kullum ka ajiye sandar kana jin za ka iya ƙara sau biyu.

Sau biyu a mako ya isa, da kwana biyu ko uku a tsakani. Misali, bayan ka warke, ranar Litinin ka buɗe da naɗe gwiwa na zaune zubi uku kafin ka je tsuguno, ka rufe da zubi biyu na kwance. Sa shi a farko yana da dalili, domin abin da aka bari ƙarshen atisaye gajiya ce take samun sa, kuma naɗe gwiwa ba ya rage ƙarfin tsuguno sosai. Ranar Alhamis ka fara da dedlif na Romaniya zubi uku, sai naɗe gwiwa zubi uku. Jimilla 11 ke nan a mako. Ka tsaya a nan mako shida, idan kana warwarewa da kyau ka haura zuwa 14 ko 16. Ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga. Duk ranar da ka kai adadin sama a zubi ukun gaba ɗaya ba tare da motsin ya lalace ba, ka ƙara kilo 2.5 a sanda ko faifai ɗaya a inji, ka koma adadin ƙasa. Bayan kowane mako shida zuwa takwas ka yi mako ɗaya da rabin zubin.

Tsoka ba ta girma da atisaye kaɗai. Kana buƙatar furotin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyin jikinka a rana, wato mai kilo 80 yana neman tsakanin giram 128 da 176, sai barci awa bakwai zuwa tara. Idan kuma wani ya kawo maka allurar sitiroyid, wato ta kumbura tsoka, da sunan cike giɓi kafin gasa, ka guje ta. Ban da illarta ga zuciya da hanta, tana sa ƙarfin tsoka ya riga na jijiya, kai kuwa jijiyarka ce mai rauni yanzu.

Yanzu malaminka. Na lura ba ka faɗi mummunar kalma ko ɗaya a kansa ba, kuma hakan ya burge ni. Mutumin da ya ba ka lokacinsa shekara uku kyauta, ya gina maka ƙirji da kafaɗa da gaban cinyar da kake alfahari da su, ya cancanci girmamawa. Abin da ya koya maka shi ma haka aka koya masa, kuma da yawa daga cikin tsofaffin hannu a wannan harka sun yarda tsuguno yana gina ƙafa gaba ɗaya. Mai yiwuwa tasa cinyar ta amsa da ɗan abin da ta samu. Lodin da ya yi maka kuskure ne, shawarar ka ci gaba a kan ciwo ma kuskure ce, amma ban ga mugunta a ciki ba. Wataƙila ma yana jin nauyin abin a ransa, shi ya sa yake ƙanƙanta ciwon.

Shirun da kake yi shi ne zai fi ɓata tsakaninku, domin idan ka fara zamewa kana atisaye a ɓoye, zai gane, kuma nan ne zai ji an raina shi. Ka same shi ku biyu, ba a gaban sauran abokan atisaye ba. Ka fara da godiya ta gaskiya. Ka gaya masa ciwon bai tafi ba kuma za ka ga likita. Sannan ka ce kana son ka gwada wani tsari na mako 12 a kan bayan cinya kawai, kana son ya sa maka ido. Kada ka buɗe da maganar bincike ko ka ce masa tsuguno ba ya aiki, babu babban da yake son ƙaraminsa ya karanta masa darasi. Ka ba shi gurbi a cikin tsarin: ya tsaya a gefe ya gaya maka lokacin da bayanka ya fara lanƙwashewa a dedlif, abin da kai ba za ka iya gani ba.

Akwai ma atisayen da sai da shi zai yi maka daɗi, wato na Nodik. Za ka durƙusa a kan abu mai laushi, ya danne maka idon sawu, ka miƙe jiki daga gwiwa zuwa kai, ka riƙa karkatowa gaba a hankali kana hana kanka faɗuwa, har sai ka kasa ka tare ƙasa da hannu. A wani gwaji da aka yi a Denmak aka wallafa a 2011, da 'yan ƙwallon ƙafa 942, rukunin da ya yi wannan atisaye ya samu raunin bayan cinya 15, wanda bai yi ba 52. Yana sa ciwon jiki mai tsanani a farko, don haka bayan ka warke ka fara da zubi biyu, sau uku zuwa biyar, rana ɗaya a mako, a madadin naɗe gwiwa na kwance. Shi ne kuma mafita a ranar da ka samu kanka inda babu inji.

Idan ya amince, alhamdulillahi. Idan ya ƙi, ku ci gaba da ranakun ƙirji da baya tare, ranakun ƙafa ka yi naka, ka faɗa masa haka a fili. Jikinka ne, kuma kai za ka kwana da ciwon.

Gasar kuwa, mu yi lissafi. Wata bakwai kusan mako 30 ne. Warkewa za ta iya cin mako shida ko fiye, jijiya ba ta sauri. Rage kitse kafin hawa dandamali yakan ɗauki mako 12 zuwa 16, kuma a lokacin tsoka ba ta wani ƙaruwa, riƙe ta kawai ake yi. Abin da ya rage maka na gini bai wuce mako 8 zuwa 12 ba. Za ka ga canji a cikinsu, tunda tsokar da ba a taɓa horarwa ba tana saurin amsawa, amma ba zai cike giɓin shekara uku ba, kuma alƙalai suna ganin bayan cinya a tsayuwar gefe da ta baya. Kana iya shiga a haka don ka saba da dandamali, kana sane da rauninka, kana kuma iya ɗagawa zuwa wata gasar ka ba kanka shekara guda. Ni na fi karkata ga na biyu, amma kada ka yanke yau. Ka ɗauki hoton gefe da na baya yanzu, ka maimaita duk mako huɗu a wuri ɗaya da haske ɗaya. A mako na takwas ka duba: idan kana zama awa guda babu zafi, kuma kana dedlif na Romaniya zuwa ƙasan gwiwa da nauyin da ya kai na jikinka sau takwas ba tare da wurin ya motsa washegari ba, ka yi rajista. Idan ba ka kai nan ba, ka ɗaga gasar, kuma ka sake rubuto mana da abin da likitan ya gani.